Canza fitilar ƙofar tirelar zango zuwa mai haske ruwan zuma: tambayoyi da amsoshi

A Amurka da Kanada da Ostireliya, da zarar zafi ya shigo sai manyan tituna su cika da motoci suna jan tirela mai gado da kicin da banɗaki a ciki. Iyali su nufi bakin tafki ko gindin dutse, su yada zango, su yi kwana biyu ko mako. Kowace tirela tana da wata ’yar fitila a saman ƙofarta, kuma ita ce abu na farko da masu tirela da yawa suke canzawa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan aiki.

Wace fitila ce ake magana a kanta?

Wadda ke maƙale a jikin bango ta waje, sama da ƙofar shiga ko gefenta, ƙarƙashin rumfar da ake warewa idan an tsaya. A tirelolin Amurka tana ɓangaren dama, a na Ostireliya da Ingila tana hagu, saboda can a hagun titi ake tuƙi. Makunninta yana ciki kusa da ƙofa, wasu kuma a jikin fitilar yake. Wutar batir take ci, bolt 12, irin ta mota. Ko da an jona tirelar da wutar filin zango mai bolt 120, akwai wata na’ura a ciki da ake kira kwambata, ita ke sauko da wutar zuwa 12 kafin ta kai ga fitilu. Riƙe wannan, don zai dawo a maganar sayen ƙwan fitila.

Me farar fitilar ta yi da ake cire ta?

Ƙwari. Duk wanda ya taɓa zama kusa da fitila a daren da shinge ya fito bayan ruwan farko ya san yadda abin yake. To a tirela fitilar tana daidai saman ƙofa, duk wanda ya buɗe zai shigo da rabin taron cikin ɗaki, ɗakin kuma bai fi ɗan tsukukun shago ba. Sai a kwana ana kaɗe fuska. Da safe murfin fitilar ya cika da matattun ƙwari, gizo-gizo ya saƙa a kusurwa don ya ga kasuwa ta buɗe.

Dalili na biyu maƙwabta ne. A yawancin filayen zango tsakaninka da tirelar gefe taku kaɗan ne. Farar LED, wato ƙwan fitila na zamani marar zare a ciki, idan mai ƙarfi ce tana ratsa labulen mutane, tana kashe wa wanda ya fito kallon taurari ido. Ba kowa zai zo ya ƙwanƙwasa maka ƙofa ba, amma za ka ga fuska ta canza da safe.

Me ya sa ƙwari ke bin farin haske fiye da ruwan zuma?

Saboda idonsu ba irin namu ba ne. Ana auna launin haske da nanomita. Idon ɗan Adam yana gani daga wajen 400, inda shunayya take, zuwa wajen 700, inda ja yake. Yawancin ƙwarin dare sun fi jin hasken da ke ƙasan wannan sikeli: wanda mu ba ma iya gani sam, wajen 350, sai shuɗi wajen 440, sai kore wajen 530. Daga nan ganinsu ke raguwa. Haske ruwan zuma yana wajen 590, wato ya wuce inda idonsu ya fi kaifi. Suna ganinsa, amma dishi-dishi.

Farar LED kuwa, a asalinta shuɗiya ce. Ƙwayar da ke ciki shuɗin haske take bayarwa, wajen 450, sai a shafe ta da wani sinadari rawaya da ke juya wani kaso na shuɗin, idonmu ya haɗa su ya ga fari. Shuɗiyar LED ɗin nan ita ta jawo wa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel a 2014. Duk farar LED da ka gani, musamman mai sheƙi kamar ƙanƙara, tana fesa shuɗi ne a daidai inda ƙwaro ya fi gani. Tsohon ƙwai mai zare shi ma ba kanwar lasa ba ne: yana ba da kowane launi, ga zafi.

Akwai kuma wani bayani da ya fito a farkon 2024 a mujallar Nature Communications, daga Samuel Fabian na Imperial College a Landan da abokan aikinsa. Sun ɗauki hoton ƙwari da kyamara mai sauri, suka ga ba nufar fitilar suke kai tsaye ba. Ƙwaro yana juya bayansa ga wuri mafi haske don ya san ina ne sama. Tun fil’azal sararin samaniya ne wuri mafi haske, ko da dare. Idan fitila ta shiga tsakani, sai ya riƙa juya mata baya yana kewaya ta, ya kasa fita. Abin da wannan ke nuna wa mai tirela shi ne, fitilar da ke watsa haske sama da gefe ta fi kama ƙwari a kan wadda ke kallon ƙasa. Launi rabin magana ne, inda hasken ya dosa shi ne sauran rabin.

To za ta kori sauro?

A’a. Ba ta korar komai ma. Rage kira take yi, ba kora ba, kuma bambancin yana da girma. Sauro ba fitila ta kawo shi ba, kai ka kawo shi. Numfashin da kake fitarwa yake bi, da ɗumin jiki da warin gumi. Ko a duhu ƙirin zai same ka. Idan sauro ne damuwarka, ka nemi maganin shafawa, ka gyara ragar ƙofa, ka kunna fanka a ƙarƙashin rumfa don sauro ba ya iya tashi cikin iska. Duk mai sayar da ƙwai da ya rubuta maka cewa yana korar sauro, kuɗinka yake so.

An gwada abin nan, ko dai talla ce?

An gwada. Wani masanin halittu mai suna Michael Justice ya gabatar da sakamakon gwajinsa a taron ƙungiyar masana kimiyya ta Amurka a 2016. Ya kafa tarko da ƙwai iri shida a tsawon bazara. Tsohon ƙwai mai zare ne ya fi tara ƙwari. LED mai haske ɗumi-ɗumi, mai karkata ga rawaya, ita ta fi ƙarancin kamu, har ta ɗan fi rawayan ƙwan da ake sayarwa musamman da sunan maganin ƙwari. Ba a samu ƙwan da bai kama komai ba. Don haka wanda ya canza ya ga ƙwaro biyar ko goma suna shawagi, kada ya ce an cuce shi. Ya tuna yadda wurin yake a da.

Ƙwai zan canza, ko murfi, ko fitilar gaba ɗaya?

Ya danganta da abin da ke jikin tirelarka.

Idan tsohuwar fitila ce mai ƙwan da ake cirewa, canza ƙwan kawai ya wadatar. Aikin minti biyar ne, ba ka taɓa waya ba, ba ka taɓa bango ba. Wannan nake ba kowa shawara ya fara da shi.

Canza murfi shi ne hanyar da. Kamfanoni irin su Bargman suna yin murfi fari da mai ruwan zuma a girma ɗaya, ka ɓalle wannan ka ɗana wancan. Da ƙwai mai zare yana aiki sosai. Amma idan ka bar farar LED mai sheƙi a bayan murfi ruwan zuma, murfin zai tare wani kaso na hasken, abin da ya fito ya zama wani launi marar daɗi mai ɗan kore-kore. Murfi tacewa yake yi, ba ya ƙirƙirar launin da babu. LED ruwan zuma a bayan farin murfi ta fi, a bayan murfi ruwan zuma ma lafiya lau.

Sababbin tireloli da yawa suna zuwa da fitila a rufe ruf, LED ɗin a manne, babu ƙwan da za a cire. Nan sai dai a kwance ta duka. Haka ma idan robar tsohuwar ta ƙone da rana ta fara ruɓewa, ko ka ga ruwa ya taru a ciki.

Yaya zan san irin ƙwan da ke ciki?

Cire shi ka karanta lambar da ke gindinsa. Murfin yawanci matse gefensa ake yi ya ɓallo, ko a sa bakin sukundireba a hankali. Idan da sanyi ake aikin a yi a sannu, tsohuwar roba ba ta da haƙuri.

Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai gindin ƙarfe zagaye da ƴan kunnuwa biyu, wanda ake dannawa a murɗa: lambarsa 1141 ko 1156 ko 1003, duk gindinsu ɗaya, ɗigon darma ɗaya a ƙasa. Akwai kuma mai gindin gilas falle wanda ake turawa kawai, lambarsa 921. Ka lura da 1142: kamarsa ɗaya da 1141 amma ɗigo biyu ne a ƙasansa, ba sa shiga gurbin juna. Ka kuma auna zurfin fitilar, don wasu ƙwayayen LED dogaye ne, sai ka saya murfi ya ƙi rufuwa. Idan holdar a kwance take a gefe, ƙwai mai faranti wanda duk haskensa ke kallon waje ɗaya ya fi mai kama da masara da ke jefa rabin haskensa cikin bango.

Me zan duba a jikin kwali kafin in biya kuɗi?

Abu uku. Na farko launi. Za ka ga an rubuta amber, amma kalmar kaɗai ba ta isa ba. Idan an ba da lamba a nanomita, 590 ko kusa da haka, wannan ruwan zuma ne na asali, ƙwayar kanta ce ke ba da launin, babu shuɗi ko ɗigo. Idan an ba da lamba a Kelbin, wato ma’aunin ɗumi ko sheƙin launin haske, 1800 zuwa 2200, to shuɗiyar ƙwaya ce aka lulluɓe da sinadari mai kauri. Ita ma tana da kyau, kuma ta fi nuna launin abubuwa. Daga 2700 zuwa 3000 fari ne mai ɗumi. Daga 5000 zuwa 6500 shi ne wanda kake gudu.

Na biyu, iyakar wutar da yake ɗauka. An ce bolt 12, amma tirela ba ta zama a 12. Idan kwambata tana aiki wutar tana wajen 13.6, idan tana cajin batir da ƙarfi ta kai 14.4. Ƙwai mai arha wanda aka yi wa 12 cif zai yi zafi, ya fara ƙyaftawa, ya mutu tun kakar ba ta ƙare ba. Nemi wanda aka rubuta bolt 10 zuwa 30, wannan yana da abin daidaita wuta a cikinsa.

Na uku, idan fitila ce gaba ɗaya, duba lambar juriyar ruwa: IP65 ko sama. Ka kuma auna tazarar ramukan sukurori na tsohuwar, don sabuwar ta rufe tabon da ta bari.

Yawan haske kuwa, kada ka bi mafi ƙarfi. Matakala biyu ko uku kake son gani da ramin makulli, ba filin ƙwallo ba.

Na sa sabon ƙwai bai kama ba. Matacce aka sayar mini?

Da wuya. Tsohon ƙwai bai damu da ta ina wuta ta shigo ba, LED kuwa hanya ɗaya take bi. Idan mai gindin falle ne, zare shi ka juya ka mayar, sau da yawa shi ke nan. Idan mai murɗawa ne juyawa ba ta magani, don ɗigon ƙasa ne fozitif, jikin ƙarfen negetif. Idan tun a masana’anta aka haɗa wayoyin holdar a juye, kuma hakan na faruwa tunda da tsohon ƙwai babu wanda zai gane, sai ka musanya wayoyin biyu a bayan fitila ko ka sayi ƙwan da aka rubuta ba ya zaɓen hanya.

Idan duk wannan bai yi ba, duba fis a akwatin wuta, sannan ka duba ɗan harshen ƙarfen da ke cikin holda. Tsatsa kan hau shi, ko ya lotsa ya daina taɓa gindin ƙwai. Kashe wuta, ka goge shi, ka ɗan ɗago shi.

Ina so in canza fitilar duka. Ta ina zan fara?

Fara da kashe wuta ta hanyoyi biyu: zare igiyar filin zango, sannan ka cire wayar negetif daga kan batir. Wanda ya cire batir kaɗai ya bar igiya, kwambata na nan tana ba da wuta. Bolt 12 ba za ta ja ka ba, amma wayoyi biyu suka haɗu fis ya tafi.

Cire murfi da ƙwai, za ka ga sukurori. Yawancin tirelolin Amurka, waɗanda galibinsu a yankin Elkhart na jihar Indiana ake ƙera su, sukurori masu rami murabba’i suke amfani da su, don haka ka tanadi bakin da ya dace, lamba 2. Idan ka kwance, fitilar ba za ta faɗo ba, danƙo na riƙe da ita. Sa abin kankara na roba ka raba su a hankali. Kada ka sa wuƙa, za ta karce fenti.

Yanzu ga inda ake asara. Wayoyin da ke fitowa daga ramin bango gajeru ne ƙwarai, kuma idan ka yanke su suka zame ciki, kamo su aiki ne ja. Kafin ka yanke komai, ɗaure su da zare ko ka maƙale su da filaya. Ka yanke kusa da tsohuwar fitila, ka bar wa kanka tsawo.

Kada ka yarda da launin waya. A mota mun saba ja fozitif, baƙi negetif. A tirelolin Amurka sau da yawa baƙi ne mai wuta, fari ne negetif. Sabuwar fitilar kuma tana iya zuwa da ja da baƙi, inda baƙin shi ne negetif. Mai haɗa baƙi da baƙi ya juya kenan. Raba wayoyin, mayar da wuta na ɗan lokaci, ka gwada da mita, ka liƙa wa mai wutar tef, ka sake kashewa. Haɗa su da mahaɗin da ake matsewa da filaya, mai rigar da ke tsukewa idan ta ji zafi. Murɗa waya a naɗe da baƙin tef ba ya jure girgizar hanya. Kunna ka tabbatar tana kamawa tun ba ka manna ta ba.

Sai babban aikin, wato hana ruwa shiga. Kankare tsohon danƙo tas, ka goge wurin. Shimfiɗa tef ɗin butil, wani danƙo mai laushi da ke zuwa a naɗe, a bayan fitilar duka zagaye, ya bi ta kan ramukan sukurori. Idan bangon alminiyam ne mai tudu da kwari, ƙara ninki a wuraren kwarin don kada a bar kafa. Ɗaura sukurori da hannu, kaɗan nan kaɗan can, har ka ga danƙon ya fara bulbulowa ta gefe. Kada ka sa injin ɗauri, bangon siriri ne, ramin zai lalace. Yanke abin da ya fito, sannan ka zagaya sama da gefe biyu da gam ɗin tirela wanda ba ya zuba a tsaye. Ƙasan a bar shi, don ruwan da ya samu shiga ya samu hanyar fita.

Na daɗe a nan don fitila abu ne mai arha, bango kuwa ba haka ba. Ruwan da ke tsiyaya ta ramin waya ba ya nuna kansa sai bayan watanni, lokacin da katakon ciki ya ruɓe, faibar waje ta kumbura ta rabu da shi. Gyaran wannan yakan ci kuɗin da zai sayi fitilu ɗari.

Ina da silikon a gida, ba zai yi ba?

Zai yi yau. Matsalarsa gobe: idan ya fara sakin bango, babu abin da ke manne a kan ragowarsa, har sabon silikon, kuma cire shi tas wahala ce. Shi ya sa masu gyaran tirela ba sa ƙaunarsa.

Zai rage cin batir?

Sosai, idan daga ƙwai mai zare ka taso. Lamba 1141 yana jan amfiya 1.4 ko ɗan sama, 921 ma haka, 1156 yana jan 2.1. LED ɗin da za ta maye gurbinsu tana jan 0.1 zuwa 0.3. Ka bar 1141 a kunne awa shida, ya ci sama da amfiya-awa 8. Batirin darma mai amfiya-awa 100 rabinsa kawai ake so a taɓa, wato 50, ka ga fitila ɗaya ta kwashe kusan kashi ɗaya cikin shida a dare ɗaya. LED a wannan lokacin ba ta wuce 1 zuwa 2 ba. Wanda ke zango inda akwai soket ba zai ji bambancin ba. Wanda ke shiga daji da batir da farantin sola shi zai faɗa maka.

Idan kuwa daga farar LED ka koma ruwan zuma, cin wutar kusan ɗaya ne.

Zan iya gani da kyau da ita?

Matakala, takalma a bakin ƙofa, igiyar kare, duk za ka gani. Har ma idan ka juya ka kalli duhu za ka fi gani, don ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, farin haske kuma yana rushe wannan cikin daƙiƙa. Ruwan zuma marar ƙarfi bai kai shi ɓarna ba, ko da yake masu kallon taurari ja suka fi so.

Abin da ba za ka gani ba shi ne launi. A ƙarƙashin haske mai nanomita 590 tsantsa, shuɗi da kore duk su koma toka-toka, jan nama da gasasshe su zama ɗaya. Mai gashi a waje ya ajiye tocila, kada ya ba yara kaza da jini a ciki. Don wannan ne wasu ke sayen fitila mai launi biyu, fari da ruwan zuma. Wasunsu waya uku gare su, sai an ƙara makunni. Wasu kuma waya biyu ne, kashewa da sake kunnawa ke canza launin. Na biyun ya fi sauƙi ga wanda ba ya son fasa bango.

Na canza, amma ƙwari suna nan.

Duba sauran fitilun. Tireloli na yanzu suna da doguwar igiyar LED fara fat a ƙarƙashin rumfa, da fitilar matakala, da ta gaba wajen mahaɗin mota. Ga kuma hasken ɗaki da ke fitowa ta taga da ragar ƙofa. Ɗaya daga cikinsu ta isa ta ɓata aikin. Kashe ta rumfa, saki labule.

Idan igiyar rumfarka mai canza launi ce da rimot, ka sani rawayan da take bayarwa haɗin ja da kore ne. Idonka rawaya yake gani, ƙwaro kuwa koren yake gani sarai. Mayar da ita ja zalla ya fi, ko ka rage ƙarfinta.

Ba zan iya shafa wa murfin fenti ba, ko in manna leda?

Mutane na yi. Akwai wani tef mai ruwan zuma da masu gyaran lantarki ke amfani da shi, Kapton, wanda ke jure zafi. Ninki biyu ko uku a cikin murfi yana rage shuɗi, kuma dabara ce mai kyau ga fitilar da ba a cire mata ƙwai. Leda ta yau da kullum kusa da ƙwai mai zare narkewa za ta yi. Fenti kuma yana cin haske ya bar dabbare-dabbare. Na wucin gadi ne duka.

Akwai dokar da ta shafi wannan?

A tsaye a filin zango, babu mai tambayarka launin fitilar ƙofarka a yawancin wurare. A kan titi kuwa a kashe ta. Fitilun gefen tirela suna da ƙa’idarsu, ruwan zuma a gaba, ja a baya, kuma fitilar ƙofa ba ta cikinsu.

Inda launi ya zama doka shi ne bakin teku a Florida. Daga Maris zuwa Oktoba kunkurun teku ke fitowa yin ƙwai a rairayi. ’Ya’yan idan sun ƙyanƙyashe da dare sukan nufi inda ya fi haske, wanda a da teku ne. Farar fitila tana juya su zuwa titi. Hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar tana neman fitilun da ake hangowa daga rairayi su kasance ƙasa-ƙasa, a kare su, kuma haskensu ya kai nanomita 560 ko sama, ƙananan hukumomi da yawa kuma sun sa abin a dokokinsu. A nan ruwan zuma na asali ake nufi, ba farin ƙwai a bayan murfi mai launi ba.

Akwai kuma wuraren da aka keɓe don duhun sama. Ƙungiyar DarkSky International, wadda aka kafa a Tucson ta jihar Arizona a 1988, ta ba Natural Bridges a jihar Utah shaidar farko ta irin wannan wuri a 2007, kuma yanzu suna da yawa. Shawararta ita ce Kelbin 3000 ko ƙasa. A irin waɗannan filaye ma’aikaci na iya zuwa ya ce ka kashe, ko wane launi ne.

Ruwan zuman ba shi da nasa aibin?

Yana da shi. Ƙwarin nan masu ƙyafta haske da dare, waɗanda ke cika ciyayi a gabashin Amurka a watan Yuni da Yuli, da haske rawaya-rawaya suke kiran juna don barbara. Ruwan zuma ya faɗa daidai launin da suke magana da shi, sai ya dushe musu sigina. Idan ka yi zango inda suke, kashewa ce kawai mafita. Sannan LED ruwan zuma ta asali tana rage haske idan ta yi zafi fiye da yadda fara ke yi, don haka a daren zafi a Arizona za ka iya ganin ta ɗan dushe.

Tunda na sa LED talabijin ke tsartsatsi, rediyo na shuu. Me ya haɗa su?

Abin daidaita wutar da ke cikin wasu ƙwayaye masu arha yana fitar da hayaniyar da eriya ke kamawa, eriyar tirela kuma tana saman rufi, kusa da fitilar. Kashe fitilar ka gani: idan hoton ya dawo, ƙwan ne. Canza shi da na wani kamfani ya fi sauƙi a kan neman tace hayaniyar.

In haɗa da na’urar nan mai shuɗin haske da ke babbake ƙwari?

Kiran abin da ka kashe kuɗi don ka rage ne. Masu bincike a jami’ar Delaware sun ƙirga abin da irin waɗannan na’urori suka kashe a wata bazara, aka buga a 1996: cikin ƙwari 13,789, guda 31 ne kacal masu cizo. Sauran bayin Allah ne da ba su yi wa kowa komai ba. Idan dole sai ka kunna, kai ta nesa da ƙofa.

Ni ba ni da tirela. Wannan zai yi a ƙofar gida ko shago?

Zai yi, idon ƙwaro ɗaya ne a ko’ina. Mai shayi ko mai tsire da ke aiki da batir da sola a Kano ko Maraɗi, wutarsa bolt 12 ce irin ta tirela, kuma fararen ƙwayayen da suka cika kasuwa masu Kelbin 6500 ne. Samun 590 na asali zai yi wuya, amma ƙwai mai ɗumi 2700 ko 3000 ana samu, kuma shi ma yana ragewa. Mai sayar da abinci yana bukatar a ga launin kayansa, don haka mai ɗumin ya fi masa ruwan zuma tsantsa. A sa wa ƙwan hula ta yadda hasken zai sauka kan tebur kawai. Idan akwai hali a rataya farin ƙwai ɗaya can nesa a kan sanda, ƙwarin su tafi can.